Goron da Ba a Kai wa Inna Kande Ba

Duk macen da ta yi aure ko ta haihu a ƙauyenmu, nan cikin karkarar Gangara, tun ina ƙaramar yarinya har zuwa ƴan shekarun nan, ƙafar Inna Kande ce ta tara mata jama'a. Ita ce mai rabon goron gayyata na mata. Na maza mai sauƙi ne, a ƙofar masallaci ake miƙa musu bayan salla, kowa ya jefa a aljihu ya kama gabansa. Mata kuwa sai an bi su gida-gida, ɗaki-ɗaki. Kuma ba kowace ce za ta iya wannan aikin ba, domin a ƙauye irin namu da wuya a sami macen da ba ta da gidan da ta rantse ba za ta sake takawa ba.

Ni sunana Ummuhani, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi, kuma danga ɗaya ce ta raba ni da Inna Kande tun ranar da aka kawo ni gidan miji. Dangar ta kara ce, ta tsufa, duk abin da ake yi a wancan gefen ina gani ba tare da na yi leƙe ba. Mutane suna cewa bakina ba ya da murfi. Ban musa ba. Amma abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi.

Inna Kande ba ƴar garinmu ba ce. Daga wajen Gidan Sori aka auro ta, ta zo gidan wani manomi mai suna Sale, mutum mai sanyin hali wanda ko akuya ba ya iya tsawata wa. Ta haihu, ta sake haihuwa, ba wanda ya tsaya. Baƙuntar nan tata ce ta ba ta aikin, domin ita kaɗai ce ba ta gaji rigimar kowa ba, ba ta da kakar da aka taɓa yi wa gori, ba ta da ƙanen da ya ci iyakar gonar wani. Wata mai jego ta fara aikenta, ta dawo ba a ji ƙorafi daga ko'ina ba, shi ke nan aiki ya zama nata. Da Sale ya rasu, nata dangin sun riga sun ƙare, babu wanda ya zo ɗaukarta. Ƙanen mijin ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce mata, "Ki yi zamanki, ba mai tashinki." Da wannan maganar ta ci gaba da zama a ɗakin har ta tsufa a cikinsa.

Wata ƴar ƙwarya take ɗauka, an shimfiɗa tsumman buhu mai danshi a ciki don kada goron ya bushe. Ba ta ba yaro ya kai wa uwarsa. Ba ta ajiyewa a kan turmi ta wuce. Idan matar gida tana wanka, sai Inna ta ja kujera ta jira. In ta fito, su gaisa, ta tambayi mai ciwon ƙafa da mai tari, ta sha ruwa ko ba ta jin ƙishirwa, sannan ta kama hannun matar ta sa goron a ciki, ta kira sunanta, ta faɗi sunan wadda ta aiko, ta ce ana son ganinta. Gidan da mata suke da yawa, haka za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har amaryar da aka kawo jiya. Wani lokacin rabon biki ɗaya kan cinye mata kwanaki, ta dawo ƙafafunta sun yi fari fat, ta zauna tana shafa musu man da na ɗiba mata.

Har rugar Fulani take zuwa, can bayan fadama inda Jaye yake sauka da shanunsa bayan an cire amfanin gona. Matarsa Hassana ba ta cika jin Hausa ba a lokacin, amma Inna ta gano cewa matan ruga ba sa amsa kira na farko, sai su sunkuyar da kai su ce to, ranar kuma ba za a gan su ba. Don haka ana gobe biki sai ta sake komawa. Ta dalilinta ne matan ruga suka fara shigowa bukukuwanmu da ƙoren nono a kai, suna zama cikinmu.

Wata rana, ina amarya, kaina na rawa, na tsokane ta. Na ce, "Inna, wannan wahala ta mi ce? Wadda ta ji kiɗa ai za ta zo, wa zai kore ta?"

Ta ce, "Ɗiyata, zuwa iri biyu na. Akwai wadda anka kira, akwai wadda ba a kora ba. Ki riƙa dubin mata wurin biki. Wadda ba a kora ba, ko hura anka miƙa mata da rabin baki take sha."

Na yi dariya na ce ita dai da iyayi. Daga baya na fara dubawa, na ga haka ɗin ne.

Abin da ba wanda ya lura da shi a garin nan, har ni mai bakin, shi ne ita Inna Kande ba a taɓa sa mata goro a hannu ba. Ƙwarya ake cika mata a ce ta kai wa mutane. In ta gama a ba ta tiyar hatsi da abin da ya saura a gindin ƙwaryar, ladan ƙafa. Ranar biki kuwa ita ce farkon zuwa, ita ke nuna wa baƙi tabarma, ita ta san wadda ba ta cin yaji da wadda ba a haɗa ta wuri ɗaya da wance. Babu bikin da aka yi babu ita, saboda haka ba wanda ya taɓa tunanin cewa babu bikin da aka gayyace ta. Ta gida ce, in ji kowa. A wurinmu kuwa na gida ba a kai masa goro, ana ganin kamar an mai da shi bare.

Gidan da ya fi kowane zama nata shi ne gidan Zahra'u, ƙawata, wanda yake can ƙarshen layinmu. Lokacin da Zahra'u ta haifi autarta Hafiza, ciwo ya kwantar da ita har aka fid da rai, aka kai ta likita a Gazawa ta daɗe can. Inna Kande ce ta ɗauki jaririyar. Da nonon akuya da kunu ta raine ta, kuma ko da uwar ta warke ta dawo, yarinyar ta ƙi sauka daga bayan Inna. Haka ake ganinsu a gari, ƙwarya a hannu, Hafiza a baya, ƴan ƙafafunta na reto. Da ta fara tafiya ita ke riƙe gefen zanen Inna suna shiga gidaje. A ɗakin Inna ta yi yaye, a nan ta yi ƙyanda, a nan take ɓuya in ta yi laifi a gida. Da aka sa ta lakol, wato makarantar boko, Inna ce ke raka ta har bakin ƙofa, ta tsaya sai ta ga shigarta. Na sha jin tsohuwar nan ta bayan danga tana yi wa yarinyar faɗa kan wanka, muryarta cike da jin daɗi.

Shekaru suka ja. Gwiwoyin Inna suka fara ba ta kashi, ta koma tafiya da sanda, rabon da take gamawa cikin kwana biyu ya koma na mako. A daidai lokacin ne salula ta cika gari. Mai biki ta sa ɗanta ya ɗauki muryarta sau ɗaya, ya tura wa mata ɗari, har na Maraɗi da na Katsina. Goro ya yi tsada, aka koma alawa da cingam cikin ƴar leda, ƴan mata su hau moto, wato babur, su watsa a ƙofofin gidaje kamar masu ba kaji tsaba. Ba wanda ya sallami Inna daga aikinta. Kawai dai aka daina kawo mata ƙwarya.

Daga nan ta daina zuwa biki. Aka yi sunan gidan liman ba ta je ba, aka yi auren gidan maƙera ba ta je ba. Kowa ya ce ƙafa ce. Ni kuwa ina ganinta ranar kasuwar Gangara tana dogara sandarta har bakin hanya ta tsaya taɗi da masu amalanke, wanda ya fi nisan gidan liman sau biyu. Na san ba ƙafa ba ce, amma ban san mece ce ba sai da auren Hafiza ya taso.

Hafiza ta gama kolej a Gazawa, ta koyi ɗinki, a can ta haɗu da Abdulrahaman, wani yaro mai gyaran moto kusa da tasha. Ita ta kawo shi da kanta, iyaye suka bincika suka yarda, aka sa rana bayan kaka. Tun da aka sa ranar Inna ta canza. Ta ba ni ƴar akuyarta na kai kasuwa, na sayo mata atamfa shuɗiya, irin wadda ba ta taɓa ɗaurawa ba tun mutuwar Sale. Ta zauna saƙar faya-fayai masu launi don ɗakin amarya, idonta na ruwa, tana yi tana warwarewa. Kullum da hantsi sai ta share ƙofar ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma mai kyau, ta ajiye ruwa a moɗa, ta zauna tana fuskantar hanyar shigowa. Da na ga an yi kwanaki ana haka, sai abin ya faɗo mini. Jira take a kawo mata goro.

Na ajiye suyata na tafi wurin Zahra'u. Na tarar da ita cikin kayan ɗaki, ɗanta Faruku na riƙe da salula tana faɗa masa sunayen waɗanda za a tura wa. Na ja ta gefe na ce, "Kin kai ma Inna goro?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wace Innar? Kande? Ummu, lahiyarki? Uwa aka kai ma goro? Ita hwa ta goyi yarinyar ga. In na shiga ɗakinta da goro a hannu ai na zage ta, na maishe ta baƙuwa. Bikinta na. Mu ne ma ya kamata ta gayyata."

Na ce, "Ki kai mata dai. Goro guda ba ya rage ki da komi."

Ta ce, "Ke dai ba ki rabo da neman magana. In kai mata, gobe gari ya ɗauka cewa Zahra'u ta manta alheri, ta jera Inna cikin baƙi? Ba da ni ba."

Abin haushin shi ne da gaskiyarta take magana. Ba rowa ba ce, ba raini ba ne. Girmamawa ce irin wadda aka koya mana, kuma da a ce wata ce ba Inna ba, da ni ma haka zan ce.

Na dawo na zagaya wurin tsohuwar. Ban yi kwana-kwana ba, na ce, "Inna, na san abin da kike jira. Bari in koma in gaya ma Zahra'u da bakinki, yanzu ta taho."

Ta ɗaga mini yatsa. "Kul. Goron da anka roƙa ba gayyata ba ce, sadaka ta. In kin faɗi cewa ni na aike ki, ban yahe ba."

Ana saura ƴan kwanaki, Zahra'u ta biyo ta layinmu za ta gidan mai lalle. Ina ji ta tsaya a bakin dangar Inna, ba ta ko shiga ba saboda sauri, ta ɗaga murya. "Inna, ran Asabar ne hwa. In ƙahwa ta bari ki leƙo, gidanki na, ba mai hana ki. In kina so Faruku ya kawo amalanke."

Inna ta ce, "Allah shi kai mu."

Na leƙa ta tsakanin kara. Moɗar ruwan tana gabanta, ta riga ta miƙa hannu za ta ɗauka ta ba baƙuwa. Ta janye hannun a hankali ta ɗora a cinya.

Ranar Asabar aka ɗaura aure da safe, gari ya cika. Motoci daga Gazawa, dangin ango daga ƙetaren iyaka, matan ruga da ƙorensu, lasifika na ta ɓarin waƙa har kaji suka bar layin. Ni aka ba tuyar nama, ban samu ɗaga kai ba sai wajen azahar. Da na duba cikin mata ban ga Inna ba. Na tambayi wannan ta ce tana ɗakin amarya, na tambayi waccan ta ce ai tana wurin tukwane. Kowa ya tabbata tana nan, domin a kansu ba a biki babu ita. Na goge hannu na nufi gida.

Tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin shuɗiyar atamfa. Ta sa kwalli, ta yi wa kanta lalle a ƙafa duk ya karkace, ƙamshin turaren wuta na tashi daga jikinta. Faya-fayan suna gefenta a ɗaure da zare. Raina ya ɓaci, na manta da girmanta. Na ce, "Inna, wannan girman kai na! Yarinyar da kinka goya za a ɗauka yau, ke kina nan kina jiran goro? Tashi mu tahi, ko goya ki in yi."

Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ba girman kai ba ne, ɗiyata. Tun da na zo garin ga, da aiki nike shiga gidajen mutane. Ƙwaryar ce ke shiga, ni ina biye da ita. Yanzu babu ƙwarya. In na tahi, a matsayin mi za ni zauna? Ni dai so nike, sau guda kahin in mutu, wani ya taka ya zo ya ce Kande, ke muke son gani. In ji yadda abin yake. Na ga yadda huskar mata ke yi in na faɗa musu."

Na juya da gudu-gudu na koma gidan biki.

Na sami Zahra'u tsakiyar tashin hankali, dangin ango sun ninka yadda aka zata, shinkafa ta kasa. Na ce mata Inna ba ta zo ba, tana can ta yi ado tana zaune. Ta dafe kai ta ce, "Haba, Inna ma da wannan a rana irin ta yau? Ki ce mata ta taho mana, wa ya hana ta?" Ta zuba nama cikin kwano ta tura mini, wata ta ja ta, ta ɓace cikin mata. Na nufi ɗakin amarya, na tarar gwaggwanni sun kewaye Hafiza, an lulluɓe ta, ana yi mata nasiha tana kuka. Ba a kutsa kai cikin irin wannan da wata magana. Sai na zari goro ɗaya daga faranti na ɓoye a hannu, na ce bari in gwada dabara.

Na durƙusa gaban Inna na ce Zahra'u ce ta aiko ni da wannan. Ta dubi goron, ba ta karɓa ba. Ta ce, "Mi tac ce? Faɗa mini yadda ta faɗa."

Macen da ta ƙare rayuwarta tana ɗaukar saƙon baki ba a yi mata ƙari a saƙo. Na buɗe baki zan shirya ƙarya, idonta na kaina, ƙaryar ta ƙi fita. Na ce, "Ta ce ki taho, wa ya hana ki."

Ta gyaɗa kai. "To ki ce mata na gode. Ba wanda ya hana ni."

Bayan la'asar aka fito da amarya, don direbobi ba sa son hanyar Gazawa in rana ta faɗi. Ta ƙofarmu motar ta bi. Inna ta dafa sanda ta miƙe, ta riƙe itacen danga, tana kallo. Hafiza na ciki kanta a lulluɓe, ba ta ga kowa ba. Da ƙurar ta lafa Inna ta miƙo mini faya-fayan ta ce in ba wa duk wanda zai je Gazawa. Ta shiga ɗaki ta cire atamfar ta ninke.

Zahra'u ta ji zafin abin ƙwarai. A ganinta Inna ta kunyata ta gaban dangin ango, ta ƙi zuwa bikin ɗiyarta ba dalili. Gaisuwarsu ta koma ta daga nesa. Mata suka ce tsufa ne, ya sa ta ƙananan fushi. Ni kuwa haushin su biyun nake ji, ɗaya ta ƙi taka ƙafa ta yi abin da ba ya cin komai, ɗaya ta ƙi sassautawa ko don yarinyar. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kama su in gwara kawunansu. Amma bakina a ɗaure yake da "ban yahe ba" ɗin nan, kuma ina tsoron kalmar daga bakin tsohuwa.

Da damina ta tsaya, zazzaɓi mai zafi ya kama Inna. Ta tashi, amma ba duka ta tashi ba. Sai ta sa tukunya a wuta ta manta, ta kira ni da sunan matan da suka daɗe a ƙasa, ta tambaye ni ko Sale ya dawo daga gona. Ni da Zahra'u muka koma kai mata abinci, fushin ya wuce ba tare da an yi maganarsa ba.

Shekara na zagayowa Hafiza ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta je ta gai da Inna, Inna ta amsa mata da fara'a irin ta baƙo, ta tambaye ta ɗiyar wace ce. Daga can ta shigo wurina sayen mai, ta zauna kan turmi idonta ya yi ja. Ta ce, "Inna Ummu, har yau ban san laihin da na yi mata ba. Ran bikina ina cikin lulluɓi ina sauraren muryarta, har anka sa ni mota. Ko mijin ne bai yi mata ba?"

A nan na kwance bakina. Na ce a raina wadda ta ɗaure ni ta manta ta ɗaure ni, in akwai alhaki na ɗauka. Na faɗa mata komai, akuyar, atamfar, tabarmar da ake shimfiɗawa kullum, da abin da Inna ta ce tana son ji sau ɗaya. Hafiza ta tashi ta tafi, ta bar kwalbar man a nan.

Ta haifi ɗiya mace. Kowa ya san mai jego ba ta fita kafin suna, balle mai haihuwar fari, wadda ko kallon jaririn ba ta yi gaban mutane saboda kunya, ba ta kuma gayyatar kowa da bakinta. Ana jibi suna, da hantsi, sai ga Hafiza a layinmu, tana tafiya a hankali tana dafa bango, uwarta na biye tana faɗa. Ba ta juya ba. Ta shiga wurin Inna, ni ma na zagayo. Ta durƙusa da ƙyar, ta gaishe ta, ta ɗauki moɗa ta sha ruwa. Sannan ta kama hannun tsohuwar ta sa farin goro babba a ciki, ta ce, "Inna Kande, ni Hafiza na zo da kaina. Jibi sunan ɗiyata. Ke nike son gani."

Inna ta juya goron a tafinta, ta shinshina, ta ce mai kyau ne. Sai ta ɗago kai ta ce, "Gidan wa za ni kai?"

Hafiza ta ce, "Naki na, Inna. Ke anka kira."

Inna ta yi ƴar dariya, irin wadda ake yi wa yaro in ya yi shirme. Ta ce, "Ni kuma? A'a, ki tuna dai da kyau. Kada mai shi ta ji shiru." Ta fara lalube tana neman sandarta. Zahra'u da ke tsaye bakin ƙofa ta ja gyale ta rufe fuska.

Ranar suna ni na ɗaura mata shuɗiyar atamfar, Faruku ya kawo amalanke muka ɗora ta. Zahra'u da hannunta ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma a inuwa, tsakiyar mata, ta sa mata matashi. Aka kawo mata fura, aka kawo nama mai laushi. Hafiza ta fito daga ɗaki, gwaggwanni na harararta, ta zauna kusa da ita ta ɗora mata jaririyar a cinya.

Inna ta dubi taron, ta dubi tabarmar da take kai, sai damuwa ta bayyana a fuskarta. Ta matso kusa da Hafiza ta yi ƙasa da murya. "Yarinya, bikin wa ake? Wa ya ce in zo?"

"Ni na ce, Inna. Ni na je har ɗakinki na kira ki."

"Ni ɗin?"

"Ke ɗin."

Fuskarta ta saki. Ta gyara zama, ta ɗauki furar ta sha sosai, ta goge baki, tana kallon mata ɗaya bayan ɗaya tana murmushi. Ban taɓa ganin ta zauna a gidan biki hannunta ba aiki ba sai ranar. Na ce a raina to alhamdulillahi, ko yanzu ta samu.

Ba a jima ba murmushin ya gushe. Ta sake duban taron kamar yanzu ta buɗe ido a wurin, ta miƙa wa Hafiza jaririyar da sauri, ta dafa ƙasa za ta tashi. Ta ce, "Bari in koma gida tun ba a gan ni ba. Wa ya ce in zo?"

Hafiza ta riƙe hannunta ta sake faɗa mata. Haka suka yini, tana tambaya tana ba ta amsa, har rana ta yi sanyi mata suka fara watsewa.